Bututun Gidan Helga

A garin Dauphin, idan sanyi ya kankama, babu mai tambayar lafiyar maƙwabci. Bututun injin ɗumama gidansa ake kallo, in yana fitar da tururi to mai gida yana raye. Na gidan Helga Reimer bai fitar ba, shi ya sa aka kira 'yan sanda.

Sufeto Marchuk ya tarar da tsohuwar a kujera, rufe da barguna uku, ta sandare. Sanyi ne ya kashe ta a cikin ɗakinta, alhali sabon injin ɗumama gida yana nan a ɗakin ƙasa, ko wata biyu bai yi ba. Abin ya sosa wa Marchuk rai, don ita ta koyar da shi a firamare.

Irin wannan inji ba ta rufi yake shan iska ba, ta gefen bango ne, kusa da ƙasa. In bututun ya toshe, sai injin ya kashe kansa. Marchuk ya zagaya ta lungun da ke tsakanin gidan da na maƙwabcin, ya tarar da tulin ƙanƙara ya binne bututun. Ya tura hannu ciki, ya damƙo ƙanƙarar. Akwai jan yashi a haɗe.

Gari kuwa har ya yanke hukunci: Remi Delorme, wanda ya kafa injin, shi ne mai laifi. In ta tabbata ya yi sakaci, gidan yari zai tafi.

"Ta kira ka jiya?" Marchuk ya tambaye shi a ofis.

"Ko kusa, yallaɓai."

"Wayarta ta ce ta kira. Da kai da wayar, wa zan yarda da shi?"

Remi ya sunkuyar da kai. "Ta kira. An rufe hanya saboda guguwa, ba yadda zan yi. Na ce ta je gidan maƙwabcinta Baba Orest ta fake."

"Akwai wanda ya taɓa kuka da bututun nan?"

"Shi Baba Orest ɗin. Tururin yana sauka kan hanyar ƙofarsa ya daskare. Matarsa Luba ta zame a wurin, ƙugunta ya karye. Ya roƙi Helga a sauya wa bututun wuri, ta ce sai bazara."

Orest Pankiw ya shekara ashirin yana share wa Helga ƙofar gida da injinsa mai kwashe ƙanƙara yana watsa ta gefe, ita kuma tana aiko musu da burodi mai zafi. Ya karɓi Marchuk a falo. Luba tana keken guragu a bakin taga, ba ta ko juyo ba.

"Baba, jiya ka fita da injinka?"

"Wane inji? Ya lalace tun makon jiya, ɗana."

"To wa ya share maka hanya? Na ga gefenta a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Shebur ba ya haka."

Marchuk ya ci gaba.

"Iskar jiya daga arewa ta taso. Lungun nan yana kudu, bai kamata ya tara komai ba. Kuma jan yashin da kake zubawa a hanyarka tun da Mama ta faɗi, shi na samu a bakin bututun Helga. Sama ba ta zubo da yashi, Baba."

"Guguwa ce ta kwashe shi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma tsohon ya kafe. Marchuk bai ɗaga murya ba. "Remi ya turo ta nan. Ta zo?"

"Ba wanda ya zo."

"Ta zo," in ji Luba, idonta na kan taga. "Na ce maka ka buɗe mata, Orest. Sau nawa na faɗa?"

Nan tsohon ya saduda. Ya zauna.

"Ni na juya bakin injina wajen bangonta," ya ce. "So nake ta ɗanɗana sanyi na yini ɗaya, ta san abin da ta ja mana. Da ta ƙwanƙwasa, na ce bari ta ƙara jin jiki, gobe na haƙe mata bututun. Wallahi da safe na fito da shebur, amma na makara."

Marchuk bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa riga ya zura hannu, ya kira asibiti a turo mai kula da Luba, sannan ya aika a sallami Remi.

A bakin ƙofa Orest ya tsaya, ya dubi sararin sama da ya sake haɗuwa.

"Ɗana, wata guguwar tana tafe. Wa zai duba wa Luba bututunmu?"

Marchuk ya waiwayi gidan Helga. Ya buɗe masa ƙofar mota.