Birkin Dattijuwa

Ranar da aka yaye tamfol daga kan Dattijuwa, abin da Auta ta fara gani na Mai Birki tafin takalminsa ne, domin ko gaisuwa bai kammala ba ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar.

Dattijuwa ita ce tsohuwar motar mahaifin Auta, wanda unguwa ke kira Tsohon Direba. A cikinta aka kawo masa mahaifiyar Auta tana amarya, kuma tun da ta rasu ya ɗora motar a kan bulo a garejin gida, bai sake taɓa makullinta ba. Da Auta ta isa aure sai ya rantse cewa motar da ta kawo uwar ita za ta kai 'yar ɗakinta.

Mai Birki ya fito da garin tsatsa a girarsa.

"Baba, wannan ai gawa ce," in ji shi. "Tiyon birki duk sun tsage, man ya zama laka, ɓeraye kuma har sun yi jikoki a kujerar baya."

Samarin yanzu ba su san cewa ba a kushe motar dattijo a gabansa ba, kamar yadda ba a kushe ɗansa. Auta, wadda ta kawo ruwan sha, dariya ta kuɓuce mata. Ya ɗago ya dube ta, ta miƙa masa kofi, ya dubi baƙin hannunsa ya rasa yadda zai karɓa.

"Karɓi, Baƙin Hannu," ta ce a hankali. "Kofin ba ya tsoron mai."

Daga nan sunan ya bi shi.

Tsohon Direba bai kore shi ba don babu wani a kusa da ya yarda ya taɓa mota mai irin waɗannan shekaru. Amma ya riƙe abin a ransa. Shi a tsarin da ya gada, direba a sama yake, bakanike a ƙasa, kuma bai taɓa jin an juya wannan tsari an ga daidai ba.

Akwai kuma Mai Fenti, ɗan amininsa, wanda ke zuwa da farin takalmi da ƙamshin da ke riga shi shiga gida. Shi ne ya ce zai sabunta fentin Dattijuwa kyauta, yana faɗa yana leƙen ƙofar cikin gida, don kowa ya san kyautar tana da igiya.

Mai Birki ya ce a bari ya gama da birki tukuna, domin man birki idan ya ɗiga a kan fenti cinye shi yake yi.

"Ni da nake tuƙi tun ba a yaye ubanka ba za ka koya wa?" in ji Tsohon Direba. "A fara da fenti. Mutane ido suke kawowa biki."

A ba kowa haƙƙinsa, Mai Fenti ya iya aikinsa. Ya goge tsatsa har ƙarfe ya fito fari, ya cike ramuka, ya lulluɓe gilasai da takarda, ya fesa kore mai duhu irin na asali. Dattijuwa ta fito tana ƙyalli, Tsohon Direba yana zagaya ta yana cewa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Mai Birki kuwa ko sannu ba a ce masa ba.

Da ya sauya tiyo da robobi, sai aikin fitar da iska daga birki ya zo. Wannan aiki mutum ɗaya ba ya yin sa. Ɗaya yana kujerar direba yana taka birki, ɗaya yana kwance a gindin taya da sifana, yana buɗe ɗan bakin da iska ke fita. Idan na sama ya ɗage ƙafarsa kafin na ƙasa ya rufe, iska ta koma, aiki ya ɓaci. Gwiwar Tsohon Direba ta daɗe da yin murabus, don haka aka ɗora Auta a kujera.

"Taka," in ji murya daga ƙasa. "Taka. Riƙe."

"Na riƙe."

"Kin tabbata?"

"Baƙin Hannu, ni idan na riƙe abu ba na wasa."

Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Saki."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta. Mu a zamaninmu aike ake yi da mutunci, su kuwa da babban yatsa suke neman aure. Ga abin da Mai Birki ya rubuta: "Ƙafata ta dama, yau na gane dalilin da ya sa aikina ba ya kyau ni kaɗai."

Ta mayar masa: "Ka wanke hannu kafin ka taɓa waya. Kuma gobe kada ka makara."

Tsohon Direba ba makaho ba ne. Ya kira ta ya ce, "Auta, na ƙare rayuwata a kan kujera, irin wannan yaron suna kwance a ƙarƙashina. Ba zan ɗauki 'yata in ba wanda gadonsa kwali ne ba. Ga ɗan aminina nan, mai shago, mai tsabta."

"Baba, tsabtar takalmi ce," ta ce, idonta a ƙasa.

"Ita ma tsabta ce."

Kashegari ana kan tayar baya, sai Mai Birki ya ce mata daga ƙasa ta duba kofin man birki a ƙarƙashin bonet kada ya ƙafe. Ta sauko ta ɗauki gwangwani. Tana cikin zubawa ya leƙo ya ce wani abu da ya ba ta dariya, hannunta ya karkace, mai ya gangara a kafaɗar motar, saman tayar gaba. Tsoro ya hana ta magana, ta goge da tsumma ta koma kujera. Kafin su tashi fentin wurin ya yi laushi ya tattare kamar fatar da ta ƙone.

Ihun Mai Fenti ne ya fito da Tsohon Direba.

"Baba, ka gani? Hassada ce! Ya ga aikina ya fi nasa fitowa!"

"Kai ne?" in ji tsohon.

Auta ta buɗe baki, Mai Birki ya riga ta. "Aikina ne, Baba. Duk abin da ya faru a kansa, ni ne."

Babu kalmar da Tsohon Direba bai jefe shi da ita ba, har ya kai ga iyayensa, Mai Fenti yana gefe yana gyaɗa kai. Saurayin ya tattara sifanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya yi sallama, ya fita.

Auta ta aika masa: "Zan gaya wa Baba gaskiya. Ba zan iya barin ka da wannan ba."

Amsarsa kalma biyu ce: "Saki kawai."

Shi zancen yake nufi, don kada fushin uban ya dawo kanta. Ita kuwa ta ɗauka ita ce aka ce ta sake shi. Wannan shi ne amfanin saƙon waya, a taƙaita magana har ma'ana ta faɗi a hanya. Ta kife wayar, ta daina amsa kiransa, ta rame a tsaye.

Birki dai bai ƙare ba, kuma babu bakaniken da ya yarda ya gaji aikin wani. Dole ta sa Tsohon Direba ya shimfiɗa kwalin da ya raina, ya kwanta a gindin taya da sifana, ya ɗora Mai Fenti a kujera.

"Taka. Riƙe."

"Na riƙe, Baba."

Tsohon ya buɗe bakin da iska ke fita. Wayar Mai Fenti ta yi ƙara, ya ɗage ƙafa ya zaro ta daga aljihu. Iska ta koma.

Aka sake. Wannan karon ƙura ya gani a farin takalminsa, ya ɗaga shi yana kaɗewa. Aka sake, ya ce ƙafarsa ta gaji, kuma shi a ganinsa wannan birkin ya isa haka, tun da a hankali za a tafi da amarya.

Tsohon Direba ya jawo jikinsa ya fito, mai a gemunsa. Auta na tsaye a ƙofar gareji.

"Baba, ni na zubar da man," ta ce. "Shi yana ƙasa, ko gani bai yi ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya ce, "Na zagi yaron nan har iyayensa. Kalma ɗaya za ta wanke shi, amma ya riƙe." Ya juya ga Mai Fenti. "Kai kuma feda kaɗai aka ba ka, ka kasa. Jeka, ɗana, ka gaida mahaifinka. Fentinka ya yi kyau."

Ba a taɓa jin direba ya taka zuwa wurin bakanike don ba da haƙuri ba, kuma Tsohon Direba bai fara ba. Ya dai aika cewa birki na jira.

Mai Birki ya zo, ya gaida tsohon, ya shige ƙarƙashin mota. Auta ta hau kujera ba ta dube shi ba.

"Taka. Riƙe."

"Na riƙe. Kai ne dai ka ce in saki."

"Zancen na ce ki saki, Ƙafata ta dama! Ni kuwa ina zan je da ƙafa ɗaya?"

"To, kada in ƙara jin kalmar nan a bakinka, a mota ko a gida."

Ya ɗaure bakin da sifana, ya yi ɗan tunani. "Ɗaga ƙafa," in ji shi.

Tsohon Direba, wanda ke zaune a kan bulo yana yi kamar ba ya ji, ya yi gyaran murya. "Ni ma na ɗaga maka ita. Ka gaya wa manyanka su zo."

Ranar da aka ɗaura aure, Tsohon Direba da kansa ya tuƙa, duk da gwiwarsa. Mai Fenti ya aiko cewa zai rufe tabon, tsohon ya ce a bar shi, domin a duk jikin motar nan ne kaɗai wurin da ya koya masa wani abu. Dattijuwa ta fito tana tari kamar yadda ya dace da shekarunta, Auta a kujerar da mahaifiyarta ta zauna. A gangaren da ke gaban gidan ango tsohon ya taka birki, motar ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Ango ya matso da hannunsa da ya sha sabulu bai yi fari ba. Tsohon bai dube shi ba, idonsa na kan madubi, inda yake hango 'yarsa.

"Ga ta nan," ya ce. "Riƙe."

"Na riƙe, Baba."

Allah ya sa albarka a wannan riƙo, ya ba su zaman lafiya da zuriya tagari, ya jiƙan wadda Dattijuwa ta fara kawowa.