Allon Babban Akawu

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto ofishin rajistar haihuwa, wai an yi sata a ƙarshen mako. Ya tafi ne ba don ransa ya so ba, domin babban akawun ofishin kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana aji uku har ya sa kaki.

Kafin ya isa, Saje ya riga ya yi abin da ya fi iyawa. Ya tasa ƙeyar maigadi zuwa caji ofis ya kulle, wai gobe sai kotu. In kuwa aka shiga kotu, gadin shekara goma sha ɗaya ya tafi ke nan, ga 'ya'ya shida a gida.

"Me aka ɗauka, Kawu?"

"Kwamfutata, Auta. Ɗungurungum."

Kawu ne kaɗai ke kiransa Auta a gaban kurata, ba kuma yadda zai yi. Sufeto ya dubi teburin. Ga shatin inda ƙaton allon nan mai tozo ya shekara da shekaru yana zaune. An naɗe wayoyinsa tsaf an ajiye gefe. A lungu kuwa ga sababbin kwamfutoci uku a kwalayensu, ko taɓa su ba a yi ba.

"Wannan akwatin na ƙarƙashin tebur fa?"

"Wannan ai na kunna ta ne kawai," in ji Kawu, yana yarfe hannu.

Sufeto ya rubuta. Ɓarawo mai ladabi, mai naɗe waya, mai kuma ƙyamar sabon kaya. Bai taɓa haɗuwa da irinsa ba.

A caji ofis ya tarar da maigadi a tsugune, hula a hannu.

"Baba, ba a fasa ƙofa ba. Su wa ke da makulli?"

"Ni da maigida babban akawu, ranka ya daɗe."

"Wa ya shigo ranar Asabar?"

"Babu kowa. Wallahi ban buɗe wa wata mota ba."

"Wa ya yi maganar mota?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza hular. Duk tambayar da ta biyo baya, shiru ya amsa ta da shi. Sufeto ya fito yana lissafi. Mutum biyu ke da makulli, ɗaya kuwa ko keke bai mallaka ba.

Da azahar ya koma ofishin ya nemi matar da ake kira Injiniya, wadda aka turo ta sauya kwamfutocin. Ba ta da kwana-kwana a magana.

"Yallaɓai, babbar manhajar da ke cikin wannan ta tsufa. Kamfanin da ya yi ta ya daina kula da ita tuntuni, ko gyara ba ya aiko mata. Shi ya sa za mu kwashe komai mu koma sabuwa."

"Babban akawu ya sani?"

"Ranar Juma'a na gaya masa. Na ce yau zan buɗe ta a gaban darakta mu ga abin da ya fi amfani da shi, don in sa masa makamancinsa a sabuwar."

"To ga shi an sace ta."

Ta yi dariya har da riƙe baki. "Wa ya ce? Allo aka ɗauka, gilashi ne kawai. Komai yana cikin akwatin nan."

Ta jona wani allo ta danna. Akwatin ya yi gurnani, can sai ɗan kiɗan nan na buɗewa ya cika ɗakin.

"Ka ga, da kayanta take zuwa tun daga kamfani," in ji ta. "Ga wajen zane, ga kalkuleta, ga ɗan littafin rubutu, ga kwandon shara. Ga wasan tonon nakiya, ga na kati. Wannan jerin kuma ita ke tsara shi da kanta, abin da aka fi buɗewa shi ke hawa sama."

Wasan kati ne a sama. Fom ɗin rajistar haihuwa yana can ƙasa, na shida.

"Wasan yana riƙe ƙidaya?"

Ta danna, sai dariyar ta ɗauke. An buga sau dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.

Sufeto ya ji kunya ta rufe shi kamar shi aka kama. Ta taga yana hango mata a kan benci da jarirai a goye, waɗanda kullum ake ce wa kwamfuta na aiki, a dawo jibi. Shi da bakinsa ya sha hana 'yan'uwa zuwa gidan Kawu da yamma, wai a bar shi ya huta, aiki zai kashe shi.

Ya sallami Injiniya, ya kira kawunsa, ya rufe ƙofa. Ya juya masa allon da Injiniya ta jona.

Kawu ya dubi katunan a jere a kan koren fili, ya dubi akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Ya lalubi kujera ya zauna.

"Ashe a nan suke," ya ce a hankali. "Shekara goma sha huɗu ina tsammanin a cikin gilashin suke."

"Ina allon, Kawu?"

"Yana bayan motata. Na rufa masa bargo." Ya cire tabarau. "Da farko sau ɗaya nake yi kafin a buɗe ofis. Daga nan sai in ce bari in ci wannan in kira na gaba. Auta, furfura ta cika min kai. Yaya za a buɗe wannan a gaban darakta, yaron da ni na koya wa riƙon fayil?"

"Shi kuma maigadi?"

"Na ce masa gyara zan kai ta, kada ya faɗa wa kowa. Ban zaci Sajenka zai yi wannan saurin ba."

"Da aka tafi da shi kana tsaye."

"Ina tsaye."

Sufeto ya gwammace a ce masa kisan kai aka yi. Ya buɗe littafinsa ya rubuta satar kayan ofis da kai rahoton ƙarya, bai ɗaga kai ba har ya gama. Ankwa tana aljihunsa, a can ya bar ta.

"Mu je, Kawu."

Suka ratsa ta gaban benci, kowannensu idonsa a ƙasa. Kurtu ya ciro allon daga bayan mota, da bargon da komai, ya rungumo shi yana nishi.

A caji ofis Saje ya buɗe ɗakin tsarewa yana ta sosa ƙeya. Maigadi ya fito yana ɗingishi, ƙafarsa ta yi tsami. Da ya ga wanda ke tsaye a ƙofa, ya gane komai. Sufeto ya jira zagi, har a ransa yana fatan a yi, ko ya samu sauƙi.

Sai tsohon ya rusuna, yadda ya saba yi a bakin get kowace safiya.

"Ranka ya daɗe, ban faɗa ba."

Kawu ya kau da kai.

Maigadi ya juya ya nuna cikin ɗakin da hularsa. "Ka zauna ta wajen taga, maigida. Can ya fi iska."