Kwamfuta Biyu a Bab Jabli

Shagon ɗan tsukuku ne a bayan Bab Jabli, tsohuwar ƙofar birnin Safakis, a matse tsakanin mai gyaran takalma da mai soya kifi. A nan Sausan ta fara ganin Mu'iz, ya cije sukudireba a baki yana leƙen cikin wata tsohuwar kwamfuta.

"Ta cinya nake so," ta ce. "Ƙarama, mai araha, wadda ba za ta mutu a hannuna ba."

Ya cire sukudireban. "Abu uku kika roƙa, 'yar'uwa. A garin nan ko biyu Allah ya ba mutum sai ya yi sadaka."

Ba ta yi dariya ba. An daɗe ba a yi ta a gidansu ba.

Guda biyu ya ajiye mata a kan kantar shagon. Ɗaya siririya ce mara nauyi, batirinta yakan kai mutum la'asar, sai dai fuskarta ƙarama ce, kuma in ta lalace ba a buɗe ta. Ɗayar mai jiki ce, fuskarta da faɗi, ana iya kwance ta a gyara, amma batirin rago ne na gaske, da an raba ta da soket sai ta fara hamma.

Sausan ta gama jami'a ta zauna a gida, kamar rabin 'yan matan Safakis. So take ta riƙa buga wa ɗalibai kundin kammala karatu ba tare da ta yi nisa da mahaifinta ba. Abin da ta tara ba zai sayi kwamfuta sau biyu ba.

"Gobe zan dawo," ta ce.

Ta kuwa dawo, ta sake dawowa. Ta danna wannan, ta ɗaga waccan, ta tafi hannu rabbana. Ya sa mata suna Madam Gobe, ya fara ajiye mata kujera da shayin na'ana'a. Ita da ta zo auna batir sai ta koma auna yadda yake runtse ido ɗaya in zai yi murmushi.

Wata la'asar saƙonsa ya shigo wayarta:

"Madam Gobe, siririyar na gaishe ki. Mai jikin ta yi fushi, wai yau ba ki taɓa ta ba. Ni ban ce komai ba, amma shayina ya huce ina kallon ƙofa."

Ta amsa: "Mai shago, ka ce musu su yi haƙuri. Kai kuma ka daina kallon ƙofa, za a yi maka sata."

"An riga an yi, hasken idona. Ɓarauniyar ma na san gidansu."

Ta kifa wayar a ƙirji. Daɗi ya kama ta, tsoro ya biyo baya, don ta san wanda ke zaune a falo.

Mahaifinta, Baba Munsif, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ɗansa namiji tilo, Nizar, ya shiga kwalekwale da wasu samari za su ƙetare teku zuwa Italiya, yau shekara biyu ke nan ba shi ba labarinsa. Babu gawa, babu kira. Tun daga nan tsohon ya daina cin kifi, ya daina bin hanyar da ake hango ruwa.

Ranar da Mu'iz ya zo gaisuwa da kwalin alawa a hannu, Baba Munsif bai ko kalli kwalin ba.

"Shagon naka ne?"

"A'a, Baffa, tsaro nake yi."

"To na san irinku. Yau kana nan, gobe an ce an gan ka a bakin ruwa. Na ba teku ɗaya, ba zan ba ta mijin 'yata ba. Tashi ka je, Allah ya ba ka wata."

Ga kuma Rafik, ɗan ƙanwarsa da ke zaune a Faransa da takardunsa cif, yana neman auren Sausan, har ya aiko mata wata kwamfuta mai sheƙi da ba ta taɓa mafarkin taɓawa ba. Ko ledar ba ta cire ba.

"Baba, shi ma fa tafiya zai yi da ni," in ji Sausan.

"A jirgin sama," in ji tsohon. "Zan san inda kike."

Ta yaya za ka yi gardama da mutumin da burinsa duka bai wuce ya san inda ɗansa yake ba?

Saƙonnin Mu'iz suka fara gajarcewa, daga baya suka ɗauke. Na ƙarshen cewa ya yi: "Baffa bai yi ƙarya ba, Sausan. Ba ni da abin da zan nuna masa a nan. Ki yafe mini."

Ta saka mayafi ta nufi Bab Jabli. Ta same shi a durƙushe bayan kanta, bai ji shigowarta ba. Wayarsa ce da takardun makarantarsa a cikin leda, yana naɗe su da salatif, zagaye bayan zagaye. A Safakis ba a tambayar mutum dalilin irin wannan naɗi. Haka ta ga Nizar yana yi, ta ɗauka wasa ne.

"Yaushe?" ta ce.

Ya ɗago, idonsa ja. "In iska ta kwanta."

"Kai ma?"

"In na isa, na samu aiki, zan dawo da abin da zai sa ya dube ni."

"In ka isa!" Muryarta ta karye. "Wallahi, Mu'iz, da ka ce mini wata ka samu, da ya fi mini sauƙi."

Ta fita tana gani dishi-dishi. Ba ta da sauran dabara, ba ta da wanda za ta kai wa kuka sai mutumin da ya jawo kukan. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai, har salatif ɗin. Ta zaci zai ce ai dama ya faɗa. Sai kawai ya ce ta miƙo masa sandarsa.

Mu'iz na ganinsu ya miƙe tsaye, ya tura ƙullin ledar gefe da ƙafa.

"Zauna," in ji Baba Munsif. "Ciniki na zo. Ina kwamfutoci biyun da suka hana yarinyar nan barci?"

Ya fito da su.

Tsohon ya zaro wayarsa mai tsagaggen gilashi. "Akwai shafin da ake sa hotunan kayan waɗanda ruwa ya dawo da su. Riga, agogo, takalmi, ko wani zai gane na ɗansa. A wannan abar ba na bambance shuɗi da baƙi. Buɗe mini a duka biyun."

Sausan ta dafe kanta. Ba ta taɓa sanin yana dubawa ba.

A siririyar, tsohon ya kai hancinsa har jikin gilashi, ya girgiza kai. A mai faɗin fuskar kuwa sai ya gyara zama. Wata rigar sanyi ta fito, shuɗiya, gishiri ya ci wuyanta. Ya daɗe yana kallo.

"Ba tasa ba ce. Wuce."

Takalmi ƙafa ɗaya. Zobe. Hular yaro. Mu'iz na dannawa, tsohon na cewa wuce. Sai ga hoton wata waya a cikin leda, an naɗe ta da salatif tsaf, ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

Baba Munsif bai ce wuce ba. Ya nuna da sandarsa.

"Wannan ma ya iya naɗi," ya ce. "Ka ga wayar ta isa lafiya."

Mu'iz ya kifa kansa a kan kantar shagon, kafaɗunsa na rawa. Sausan ta juya wa titi baya don kada mai kifi ya ga fuskarta.

"Mai faɗin zan saya," in ji tsohon. "Ita ta yi aikinta da safe, ni in duba nawa da la'asar. Amma ban iya danna ta ba, kuma ba zan sa 'yata ta riƙa kallon wannan ba. Za ka zo?"

"Zan zo, Baffa."

"Ba gobe kaɗai ba."

"Na ji, Baffa."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar Mu'iz yakan zo, su jona kwamfutar a soket ɗin falo, su zauna kafaɗa da kafaɗa. Sausan na jiyo su daga kicin, dannawa ɗaya, wuce ɗaya. Iska ta kwanta, kwalekwalen ya tashi ba da shi ba. Ba su ga kayan Nizar ba, kuma har yau ba wanda ya san ko wannan abin godiya ne. Aka mayar wa Rafik kyautarsa da ban haƙuri, gwaggo ta yi fushinta ta gaji.

Bayan girbin zaitun aka ɗaura auren. Ba a kira makaɗa ba, gidan bai kai nan ba tukuna. Kuskus aka dafa, maƙwabta suka cika tsakar gida, aka yi guɗa sama-sama. Mu'iz ya faki ido ya raɗa mata, "Hasken idona, kin yi kyau har na ji tsoro." A karon farko cikin shekara biyu ta yi dariya a gaban mahaifinta.

Da za su tafi suka durƙusa a gabansa. Baba Munsif ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Mu'iz.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku abin da zai ishe ku a nan inda kuke. Ya sa ku tsufa a ɗaki ɗaya." Sannan ya ce, "Mu'iz."

"Na'am, Baba."

"Shi ke nan. So nake in kira a amsa."