Ƙoƙon Farko

Shekarar da gulbi ya ƙafe ƙaƙaf, matan ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni sun koma tonon rairayi. A tsakiyar gulbin suke haƙa rami mai zurfin da ya shanye tsawon mutum. Mace ɗaya ta sauka ta tsuguna, ta jira ruwa ya tsattsafo, ta kwalfa da ƙoƙo ta miƙa wa ta sama. Doka ɗaya ce, ko yarinya ta san ta: ƙoƙon farko na masu wurin ne, a rairayi ake zubar da shi.

Ran nan Safiyatu ba ta samu layi ba sai da almuru, mata duk sun watse. Maƙwabciyarta Tani, wadda za ta karɓar mata, ta ce bari ta kai tulunta gida ta dawo. Ramin kuwa ba ya shiguwa da goyo. Sai ta kwance jaririnta Lawwali, ta shimfiɗe shi kusa da jarka, ta sauka.

Jira kam ta sha shi. Tun safe ko tukunya ba a ɗora ba a gidanta. Da ƙoƙon ya cika da ƙyar, ta dube shi, ta dubi rairayi. Haba, wannan wahala duka a zubar? Ta ce a ranta masu wurin su yi haƙuri yau.

"Miƙo," in ji wata murya daga sama, ƙasa-ƙasa.

"Tani, har kin komo? Sannu da sauri."

Ta miƙa, aka karɓa, ƙoƙon ya dawo wayam. Ta ƙara. Ta kuma ƙarawa. Sai ta lura ba ta jin ƙarar ruwa a jarka. Abin da take ji haɗiya ce, ƙwat, ƙwat, kuma ba maƙogwaro ɗaya ba.

Ƙamshin ƙasar da ta sha yayyafin fari ya cika ramin. A shekarar da ko hadari ba a gani ba!

Ta ɗan ɗaga kai. Hannu ne siriri, busasshe, ya sauko tun daga bakin ramin har kafaɗarta bai lanƙwasa ba.

Ta nemi Ayatul Kursiyyu, harshenta ya manne. Ta taka matakin bango, rairayi ya zube mata a fuska. Ta sake takawa, ya sake zubewa. Sama ta koma kamar bakin tulu.

"Miƙo."

"Ya ƙare," ta ce da raɗa. "Wallahi ya ƙare."

"Ba komi. Yaron ga akwai ruwa jikinai."

Lawwali ya tsala kuka.

Kukan ya fara yin nisa.

"Tsaya! Don Allah tsaya, za ni ba ki!"

Ta buɗe ƙirji ta kafa ƙoƙo, ta shiga tatsar nononta. Ta yi ta matsawa har ido ya kawo ruwa. Ta miƙa. Ƙwat, ƙwat.

"Ƙara."

Ta tatsa har ya koma ɗigo, har ɗigon ya ɗauke.

Shiru.

Hasken tocila ya faɗo mata a ka. Tani ce da gaske, tana salati, ta zuro zanenta ta jawo ta. A can nesa da jarka suka tarar da Lawwali, a kan rairayi, yana tsotsar hannu. Ko sawu ɗaya babu a kusa da shi.

Tun daga ranar nonon Safiyatu bai sake kawowa ba. An yi jiƙo, an yi rubutu, a banza. Ramin kuma bai sake ƙafewa ba, sai dai ruwansa fari-fari ne, kuma Lawwali ba ya karɓar kunu sai da shi aka dama.

Ta roƙi mijinta su tashi daga garin. Ya ce, "Mu tai ina? Ina kika ga ruwa?"

Don haka kullum tana sauka. Ba ta sake zuwa da goyo ba, ƙoƙon farko kuwa har da cika take zubarwa. Amma duk lokacin da rairayi ya shanye shi, sai ta ji muryar nan a gefen kunnenta, cikin fara'a:

"Inna, yaushe za ki kawo muna ɗan'uwanmu?"