Farin Dutse a Gindin Hasumiya

Ranar da Ultan ya fara ganin Orla ruwa ake yi, wanda a wurinmu nan yankin Clare ba labari ba ne. Yana durƙushe yana gyaran katangar gonar Malachy Hehir, inda shanu suka ture, sai ga ta da shayi a fulas da burodin gida, jan gashinta ya jiƙe sharkaf. Ta tsaya ta ƙare wa aikin kallo, ta ce katangar ta karkace. Ya ce idonta ne dai ya karkace. Shi ke nan fa, har shayin ya huce suna musu.

Ultan maginin katanga ne, irin tamu da ba a sa mata siminti, dutse ne kan dutse. Daga birnin Limerick ya zo, ba shi da kowa a ƙauyen. Ita kuwa Orla ita kaɗai Malachy ya haifa, suna zaune da kakarta Nuala, mahaifiyar Malachy, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu. Kafin wata ya zagayo, shayin nan ya koma sau biyu a rana.

"'Yar ja, yau hannuna duk ya farfashe, amma da na hango ki a ƙofar gona sai na manta."

"Dutsena, bar daɗin baki. Ka shafa mai, gobe zan duba."

Malachy bai so ba, kuma bai ɓoye ba. Shi Cormac yake so, maƙwabcinsu, wanda gonarsa ke manne da tasu. Ya ce baƙon da bai san sunan ko fili ɗaya a ƙasar nan ba, me zai riƙe? Amma aikin yaron na da kyau, don haka ya haɗiye sauran maganar.

A makon ƙarshe dutse ya ƙare wa Ultan. A ƙarshen gonar akwai kufan tsohuwar hasumiya, ba rufi, sai hankaki. Ya san ba a zare dutse daga jikinta, ya san ba a taɓa itacen ƙayar da ke gefenta, wannan ko yaron goye ya sani. Amma a gindinta, cikin ciyawa, ga ƙananan duwatsu nan warwatse. Ya ɗauka daga sama suka faɗo. Ya cika baro sau huɗu. Cikinsu akwai wani fari tas, ya dasa shi a tsakiyar katanga.

"'Yar ja, na sa miki farin dutse a katanga. Kowa zai gani, amma mu biyu kaɗai muka san na wace ce."

Kaico, Cormac ne ya fara gani. Ya kuwa adana maganar sai ranar Lahadi a ƙofar coci, gaban jama'a.

A da, jaririn da ya mutu kafin a yi masa baftisma ba a kai shi maƙabartar coci. Uban ne ke ɗaukarsa shi kaɗai, ya binne shi a gindin kufai, ya ajiye dutse ba suna, ya dawo gida a yi shiru. Malachy tagwaye aka haife su. Ɗan'uwansa bai kai yamma ba. Farin dutsen nan nasa ne.

Malachy bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya dubi Ultan ya ce, "Ka gina mini katanga da kaburburan jarirai. Kwashe kayanka. In na sake ganinka kusa da 'yata, ban san abin da zan yi ba."

Cormac ya ƙara gishiri, ya ce wai ya gargaɗi Ultan, yaron ya ɗaga kafaɗa. Ƙarya ce tsagwaronta, amma Orla ta yarda. Ita kanta ba ta taɓa jin labarin tagwayen ba sai ranar. An dai hana ta wasa a wurin tun tana ƙarama, ba a ce mata don me ba. Abin ya yi mata ciwo biyu, ta sauke duka a kansa.

"Ka ce dutsen nawa ne. Na ɗan'uwan babana ne. Kada ka sake kirana."

"Ban sani ba, Orla. Ba na neman ki yafe. Ki dai ce wa Baba ya tsare shanu gobe."

Washegari da safe Ultan ya rushe katangar da ya yi mako shida yana ginawa. Ba wanda ya sa shi. Magini ya san kowane dutsen da ya ratsa hannunsa, ya ware talatin da ɗaya. A gindin hasumiya gurabensu na nan, ciyawa ba ta rufe ba tukuna. Ya durƙusa cikin laka yana gwada kowane dutse da gurbinsa, ya juya, ya cire, ya sake, har ya zauna daram. Kwana uku yana yi, ruwa na dukansa. Orla na hangensa ta tagar kicin, ta ga mutumin da aka ce ya ɗaga kafaɗa yana share laka daga dutse da rigarsa. A kwana na biyu ta daina gaisawa da Cormac.

Farin dutsen ne kawai bai mayar ba. Ya ɗauko shi ya zo ƙofar gida, ya ce bai cancanci ajiye wannan da hannunsa ba. Malachy ya tare ƙofa. Sai muryar tsohuwa daga bakin murhu, ta ce a bar shi ya shigo.

Nuala ta ɗora dutsen a cinyarta, ta daɗe tana shafawa.

"Shekara sittin da ɗaya," ta ce. "Ina kwance aka fita da shi. Ubanka bai ce mini ga wurin ba, ni ma ban tambaya ba, haka ake yi. Kullum ina ganin hasumiyar nan ta taga. Ku kai ni."

Ƙafafunta ba sa kai ta ko ƙofar gona. Ultan ne ya goya ta, Orla na riƙe da lema, Malachy na biye da dutsen a ƙirjinsa. Gurbi ɗaya ya rage, taku bakwai daga ƙofar hasumiya. Ta sa hannunta kan na ɗanta, suka ajiye shi tare.

"Fintan," ta ce. "Ga mamarka ta zo."

Malachy bai taɓa sanin ɗan'uwansa na da suna ba. Ƙaton mutumin nan ya zauna a laka ya yi kuka, mu da muka san shi ba mu taɓa jin ya yi ba. Da ya tashi, ya dubi katangar da ke zube, ya ce wa Ultan shanu ba za su tsare kansu ba, gobe ya zo da wuri, kuma a cikin gida zai ci abinci.

"Dutsena, na zalunce ka. Hannunka fa?"

"Ya farfashe, 'yar ja. Zo ki duba."

Nuala ba ta ga bikin ba. Ta rasu cikin sanyin Fabrairu, bayan ta haɗa hannayensu ta sa musu albarka. Aka binne ta a maƙabartar coci, mil biyu daga ɗanta Fintan.

A watan Yuni aka ɗaura aure. Da aka fito, amarya ta raba furanninta biyu. Rabi ta ajiye kan kabarin kakarta, rabi suka taka da shi har gindin hasumiya, farar rigarta na jan laka. A can Malachy ya dafa kafaɗar surukinsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu rai," ya ce. "Kuma duk wanda ya zo, ko na awa ɗaya ne, ku kira sunansa mu ji."

Suka ce amin.