Kwaɗon da Ke Ƙusa ta Bakwai

Ƙarfe sha ɗaya na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda: injin kwaɓa siminti ya kashe makaniki a masana'antar bulo. Sufeto ya ajiye shayin da bai kai ga kurɓa ba. Shekara ashirin da shida yana aikin nan, bai tuna ranar da mutuwa ta bar shi ya sha shayi da zafinsa ba.

A ƙofar masana'antar akwai allo da aka rubuta da alli: "Kwana 412 babu haɗari." Babu wanda ya tuna ya goge.

An rufe gawar da tamfol. Sufeto ya ɗaga, ya duba, ya mayar. A wuyan mamacin akwai igiya da ɗan mabuɗi. Ya cire ya jefa aljihu.

Shugaban sashen ya taro shi da sauri. Ma'aikata suna kiransa Agogo, don ko gaisuwa yake yi idonsa na kan tsintsiyar hannunsa.

"Ranka ya daɗe, abin a fili yake. Duk wanda zai shiga cikin inji sai ya datse akwatin wuta da kwaɗonsa. Marigayi bai datse ba. Ga kwaɗonsa can rataye a ƙusa ta bakwai. Tsohon nan ya zo ya kunna, ko leƙawa bai yi ba."

"Kai kana ina?"

"Ina ofis."

"Kowa yana ofis ranar da aka mutu," in ji Sufeto.

Tsohon yana zaune kan bulo, kofur ya riga ya sa masa ankwa. Shi ke kunna injin, kowa Baba yake ce masa, kuma mamacin mijin 'yarsa ne. Idan maganar Agogo ta tsaya, kurkuku ne makomarsa.

"Baba, wa ya ce ka kunna?"

"Babu kowa. Ni na kunna."

"Ka ga kwaɗo a akwatin?"

"Ban gani ba. Yallaɓai, ka tafi da ni kawai."

Sufeto ya ga masu roƙon a sake su ba adadi. Mai roƙon a kulle shi, wannan ne na biyu.

A jikin bango akwai katako mai ƙusoshi goma sha biyu, kowace da jan kwaɗo sai ta farko. Wata mata sanye da hular kwano tana tsaye gabansa rungume da fayil. Dakta ce daga jami'a, mai bincike kan yadda za a rage haɗurra, kuma ita ta kawo kwaɗunan wata takwas da suka wuce.

"Na yi shekaru ina karanta rahotannin faɗuwar jiragen sama da karon jiragen ƙasa," in ji ta cikin gajiya. "Ƙarfe ba ya tashi haka kawai ya kashe mutum. Akasari wani ne yake sauri."

"Mabuɗi nawa kowane kwaɗo yake da shi?"

"Ɗaya. Na biyun da hannuna na zubar. Mutum ya rufe, ya rataya mabuɗin a wuyansa, babu mai iya kunna injin sai ya fito da ƙafarsa."

"Marigayi yana mantuwa?"

"Shi? Shi ne yake zagin masu mantuwa. Matsalarsa ɗaya, kunne. Ƙarar inji ta cinye masa ji."

Sufeto ya ciro mabuɗin mamacin, ya zura a kwaɗon ƙusa ta bakwai. Ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Kwaɗo ya yi kamar bai san shi ba.

Ya koma wajen akwatin wuta, ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙorafi. A cikin kwatar da ke wanke siminti ya ga wani abu ja. Kwaɗo ne, an gutsure hannunsa da almakashin ƙarfe. Mabuɗin mamacin ya juya a ciki kamar an shafa masa mai.

Ya sa aka kira Agogo.

"Ƙusa ta farko ta wa ce?"

"Tawa ce."

"Ina kwaɗonka?"

"Na… na bar shi a gida."

"Ka tafi da kwaɗon masana'anta gida? Me kake kullewa, tukunyar uwargida?"

Kofur ya yi dariya, shi kaɗai. Sufeto ya miƙa hannu. "Ba ni igiyar da ke wuyanka."

Agogo ya dubi agogonsa, wannan karon bai samu komai a ciki ba. Ya cire igiyar. Mabuɗinsa ya buɗe kwaɗon ƙusa ta bakwai da murɗa ɗaya.

"Ka yanke nasa, ka jefa kwata, ka rataya naka a ƙusarsa don a ce bai rufe ba," in ji Sufeto. "Ka tuna da kwaɗo, ka manta da mabuɗin wuyansa."

Agogo ya zauna a ƙasa, cikin ƙurar siminti, da wandonsa mai guga.

"Motoci uku ke jiran kaya tun safe. Na kira shi sau biyu, bai amsa ba. Na ɗauka ya tafi cin abinci ya manta. Wallahi sau uku na taɓa yanke kwaɗon wasu, babu abin da ya faru."

"Taku nawa ne daga akwatin zuwa bakin injin?"

Agogo ya juya ya dubi injin.

"Na ƙirga," in ji Sufeto. "Tara ne."

"Ni na ce wa Baba an gama gyara, ya kunna," in ji Agogo a hankali.

Dakta ta buɗe fayil ɗinta, ta riƙe biro, sannan ta rufe ba ta rubuta komai ba.

Kofur ya cire ankwar daga hannun Baba, ya mayar hannun Agogo tun ba ta huce ba. Aka wuce da shi mota ta gaban direbobin nan uku, waɗanda har yanzu suke jiran kaya.

Baba bai tashi daga kan bulo ba.

"Me ya sa ka rufa masa asiri?" in ji Sufeto.

"Ba shi na rufa wa ba. Yatsana ne ya danna. Gara kurkuku da in shiga gida 'yata ta dube ni."

Sufeto ya san gidan da mutum ɗaya ya daina shigowa; a irinsa yake kwana. Bai ce a yi haƙuri ba, don ya san abin da kalmar take iyawa. Ya kama hannun tsohon ya sa masa mabuɗin mamacin a ciki.

"Kai mata wannan. Ka ce mijinta ya rufe. Ka ce kai ma an yi maka ƙarya. Tashi, ni zan raka ka, in ta tambaya in faɗa da bakina."

A bakin ƙofa Baba ya tsaya gaban allon. Ya goge 412 da hannun rigarsa, ya nemi alli, bai samu ba. Suka bar gurbin lambar babu komai.