Mai Ɗanɗana Wa Baba

"Ki kalle ni mana, Barakatu. Ba kifin nan ne yake miki magana ba."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da jujjuya karfasar da Surajo ya kawo a kwando, wai ina dubawa ko sabuwa ce, alhali har yanzu tana motsi. A ƙofar baya ta kicin ɗinmu muke tsaye, inda yake kawo mana kifi kowace safiya, inda kuma ya fara ce min yana sona muryarsa na rawa.

Yau muryar ba ta rawa. Ya ce yayyensa za su tafi Baga kamun kifi da zarar an gama girbi, sun kuma ce ko dai a sa masa rana kafin nan, ko ya naɗe komarsa ya bi su. Wanda ya tafi Baga kuwa ba a ajiye masa tuwo. Jibi baffanninsa za su sake zuwa neman aurena, kuma sun ce daga wannan ba za su ƙara ba.

"An ce su dakata, sun dakata. An sake cewa, sun sake," in ji shi. "Me na yi wa Baba Wada? Don ni masunci ne?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne, masoyiyata? Ki faɗa min ko zuciyata ta huta."

"Ba zan iya ba..."

"Kullum ba za ki iya ba."

Ya juye kifin a daro, ya saɓa kwandonsa ya tafi bai waiwayo ba. Na bi bayansa da kallo har ya gangara hanyar bakin dam. Ina son Surajo, son da ko sunansa aka kira a kasuwa sai na ji gabana ya faɗi. Amma amsar da yake nema sirrin mahaifina ce, ba tawa ba ce balle in bayar.

Babana, Malam Wada, kowa a Tiga da Wada Kuku ya san shi. Ya yi wa Turawa girki a Kano tun yana saurayi, sannan ya biyo waɗanda suka zo aikin hanyoyin ruwan noman rani. Da ya tara abin hannunsa sai ya buɗe gidan abincinsa a kan hanyar zuwa bakin ruwa, da tebura masu fararen ƙyallaye, da wuƙa da cokali mai yatsu a gefen kowane faranti. Ina ƙarama, ranar Asabar da Lahadi ko wurin ajiye mota ba a samu. Turawa da Kwarori da Indiyawa su zo shan iska a dam, wasu su wuce Falgore kallon namun daji, su dawo da jajayen fuskoki su zauna suna kiran sunan Baba a karkace.

Sai abin ya fara janyewa. Naira ta karye, kamfanoni suka kwashe mutanensu. Ba wai an daina zuwa Tiga ba ne, masu zuwan ne suka canja. Yanzu magidantan Kano ne da matansu da 'ya'yansu, da ɗaliban makaranta cike da bas. Su kam da kulolin shinkafarsu suke zuwa, in kuma za su saya to soyayyen kifi da yaji suke so a takarda, su ci da hannu suna kallon ruwa. In wani ya yi kuskuren shigowa wurinmu, ya tambayi tuwo, sai Baba ya nuna masa ƙofa cikin ladabi, kamar wanda aka zaga yana haƙuri.

Na sha roƙonsa mu ɗora ko da tukunyar tuwo ɗaya ce. Ya ce shi bai koyi aiki a hannun manya don ya ƙare a murhun bakin titi ba, kuma Turawa za su dawo in Disamba ta kama. Disambar nan tasa ta zo ta wuce ban san sau nawa ba.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi bayan rasuwar Innarmu, Baba ba ya jin ɗanɗano, ba ya jin ƙanshi. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakinsa. Ranar da ya gane, ya kira ni kicin ya rufe ƙofa, ya miƙo min cokali, ya sa na yi alkawarin ko Baffa Inuwa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ba zai ji ba. Tun daga nan ni ce harshensa. Shi ya dafa, ni in ɗanɗana, in ce a ƙara kaza, a rage kaza. Yayyena maza duk sun tafi Kano sun bar ni da shi.

To ta yaya zan tafi gidan miji? In na tafi, Wada Kuku ya ƙare. In na zauna, Surajo ya tafi. Kullum a tsakanin waɗannan biyun nake kwana nake tashi, har na rame, mata suna min tsiya wai son aure ne ya hana ni cin abinci.

Ana gobe baƙin za su zo, Baba ya sanar da cewa a gidan abincinsa za a karɓe su, kuma da hannunsa zai yi musu girki. Baffa Inuwa, wanda shi ne waliyyina, ya yi ta fama da shi. Ya ce mutanen nan masunta ne da manoma, a shimfiɗa musu tabarma a zaure a kawo fura, magana ta ƙare. Baba ya ce a'a, abin da ya saba girmama manyan baƙi da shi, da shi zai girmama su. Na san har zuciyarsa yake faɗa. Na kuma san yana so su gani da idonsu cewa wurin nan bai mutu ba, don in ya ce a dakata su ga dalili.

Da safe na ɗaura zane zan shiga kicin, ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Baba, in taya ka..."

"Yarinyar da aka zo nema ba ta yawo a gaban surukai. Koma ciki."

Na rage murya. "Baba, wa zai ɗanɗana?"

"Hannuna ya san aikinsa tun ba a haife ki ba."

Ya rufe ƙofar. Na koma ɗakin ajiya da ke jingine da wurin cin abincin, na zauna a kan buhun dankali. Akwai wata 'yar tsaga a jikin tagar katako, ta nan na riƙa leƙe kamar ɓarauniya a gidan ubana.

Bayan azahar suka iso cikin wankakkun riguna, babbansu Malam Jibrin, baffan Surajo, yana gaba. Dattijo ne dogo mai farin gemu, cikin waɗanda ruwan dam ya cinye musu gari aka tashe su. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gona da ruwa. Sannan Baba, cikin farar rigar aikinsa da ya sha wa guga, ya ja wa kowa kujera.

Wallahi da ba rayuwata ce a kan teburin ba da na yi dariya. Malam Jibrin ya ɗauki cokali mai yatsu ya duba shi gaba da baya, ya ajiye a hankali. Aka kawo miya tsululu ba tuwo, suka kalli juna suna jiran abin da za a ci da ita, har dai Baffa Inuwa ya fara sha suka bi shi. Aka kawo kifi, giwan ruwan da Surajo ya kamo, ba kai ba ƙaya, an lulluɓe shi da farin romo. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya a hankali ko wane irin nama ne wannan. Mutumin da ya tsufa a cikin kwale-kwale.

Daga ƙarshe Baba ya fito da kastad, wani kunun madara da ƙwai mai zaƙi irin na Turawa, abin da ya fi alfahari da shi a duk girkinsa. Malam Jibrin ya kai cokalin farko baki. Na ga ya dakata, gemunsa ya motsa, ya runtse ido kaɗan. Ya haɗiye, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Madalla." Ya kalli 'yan'uwansa kallo ɗaya, sai kowa ya sunkuya a kan kwanonsa. Suna ci suna korawa da ruwa, Baffa Inuwa har da share hawaye da hannun riga, Baba kuwa yana tsaye da tawul a kafaɗa yana murmushi, yana cewa a ƙara. Malam Jibrin ya ce a ƙara masa.

Na fara zargin wani abu, amma ban tabbatar da komai ba tukuna.

Da aka kwashe kwanuka aka shiga maganar da ta kawo su. Baffa Inuwa ya sunkuyar da kai ya isar da saƙon yayansa: an ji, an gode, yaro na kirki ne, amma a ƙara haƙuri har baƙin Disamba su zo su tafi. Malam Jibrin bai yi musu ba. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya yi godiyar abinci, suka miƙe za su yi la'asar a masallacin bakin titi kafin su nemi mota.

Na dafe bakina kada a ji kukana. Shi ke nan, Surajo ya tafi Baga.

Ina nan a kan buhun sai na ji Baba yana kirana da muryar farin ciki. Na goge fuska na shiga kicin. Ya karkato min tukunyar, ya miƙo cokali.

"Kin ga yadda suka sha? Har da ƙari. Ɗanɗana ki ji, ki faɗa min ko hannuna ya manta."

Na kai bakina. Gishiri ne zalla. Gwangwanin sukari da na gishiri iri ɗaya ne a kan kanta, ni ce kullum nake miƙa masa wanda ya dace. Ko akuya aka ba wannan kastad ɗin sai ta kawar da kai.

Yana kallona, idonsa na ƙyalli kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Da zan ce ya yi daɗi, da ya kwana da farin ciki. Na buɗe baki in faɗi hakan, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Baba... gishiri ka zuba."

"Ya ɗan yi yawa?"

"Babu sukari ko kaɗan, Baba. Duk gishiri ne."

Ya kalli tukunyar, ya kalli kwanukan da aka tara a daro. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu. An suɗe shi tas.

"Amma sun cinye," in ji shi, muryarsa can ƙasa.

"Sun cinye."

"Dattijon nan har ƙari ya nema."

"Don kada ka gane ne, Baba."

Ya ja kujerar kicin ya zauna. Can a masallaci aka tayar da salla. Ni kuma na durƙusa a gabansa ina kuka, ina ba shi haƙuri, ban ma san haƙurin me nake bayarwa ba. Tausayinsa ya cika ni har na manta da nawa.

"Na zaunar da su a kan abin da ba su saba ba, na ba su gishiri, na kuma hana su abin da suka zo nema," ya ce a hankali. "Su kuwa suka rufa min asiri a cikin gidana. Ni me na rufa musu?"

Ya ɗora hannu a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarama.

"Kina son yaron nan?"

Na sunkuyar da kai. Na gyaɗa shi a kunyace, hawaye na zuba.

Ya miƙe ya fara ɓalle maɓallan farar rigar. Na riƙe gefenta.

"Baba, in na tafi wa zai riƙa ɗanɗana maka? In Disamba ta zo..."

"Babu mai zuwa, Barakatu. Na daɗe da sani." Ya ninke rigar ya ajiye a kan kanta. "Ke ce dai ba na so ki tafi."

Ya zura babbar rigarsa, ya nufi ƙofa da sauri don ya riske su kafin su sallame. A bakin ƙofar ya tsaya, bai juyo ba, don kada in ga fuskarsa.

"Ki ture teburan nan gefe ki shimfiɗa tabarma. Ki ɗora tukunyar tuwo, ki yi miyar kuka da kan kifin nan da na yanke. Surukanki da yunwa suka tashi."

Na haɗa itace a murhun tsakar gida, na ƙyasta ashana. Ina hura wuta ina kuka ina dariya, har na jiyo sallamar Malam Jibrin a ƙofar gida, da muryar Babana yana cewa su shigo, gidansu ne.